Malama Ku

"Ba ni hwaɗin shi."

Mashkura ba ta ɗaga murya ba. Tana tsaye a ofishin Manaja Zayyanu, hannu ɗaya riƙe da gefen mayafinta. Manaja ya sauke wayar da yake latsawa, ya dube ta ta saman tabarau.

"Ba kya faɗin me?"

Tun da ya dawo daga Abuja ya daina cewa "mi". Haifaffen Wurno ne, an yanke cibiyarsa a bayan kasuwa, amma ɗan zaman da ya yi a can ya dawo masa da matsattsen wando da sabon harshe da wata kalma, "kontent", wato abin da zai ja 'yan kallo a intanet, wadda yake tauna ta kamar goro. Ƙaramar tashar rediyon ta kawunsa ce, wani attajirin albasa da ba ya leƙo ta sai da salla. Da haka Zayyanu ya zama manaja a kan mutanen da suka riga shi sanin inda ake kunna makirfo.

"Sunan ga," in ji Mashkura. "Ba ni ce mai Musty, ba ni kau ce mai kai. In hira kaka so, in yi maka hira. In wasan yara kaka so, ga makaranta can, da azahar suka tashi."

Wanda ake magana a kansa Almustapha ne, ɗan Rabah da ya tafi Kano tun da jimawa ya shiga harkar fim. Yanzu Musty Rabah ake ce masa. Duk gidan da ke da talabijin an san shi, domin a wani fim mai dogon zango yana fitowa a matsayin Mode maigadi, Basakkwacen da ke gadin gidan wani attajiri. Duk abin da aka faɗa wa Mode, sai ya wangale baki ya ce, "Mi kac ce?" sannan ya faɗo daga kan benci. A kan wannan faɗuwar ya gina gida, ya sayi mota. Yanzu zai zo Goronyo buɗe gidan man wani abokinsa, ya kuma yarda a yi hira da shi a shirin Tabarmar Baƙo, shirin da Mashkura ta ƙirƙira da kanta, ta rene shi tun ba mai sauraronsa sai iyayenta.

Zayyanu ya tashi ya fara zagaye ofis, ofishin da taku kaɗan ke kai mutum bango.

"Ki tsaya ki ji. Irin hirar nan taku ta mutu, an yi mata sutura. 'Ranka ya daɗe, ko za ku ba mu tarihinku a taƙaice?' Sai mutum ya gyara hula ya fara daga firamare. Kafin ya shiga sakandare masu sauraro sun yi barci. Yanzu ba haka ake yi ba. Ba tebur, ba takarda. Ku zauna kusa, a kawo kifi, ki ce, 'Musty, ya kake?' Ki sa shi ya yi 'Mi kac ce?' ki yi dariya. Mutum ba ya buɗe cikinsa sai ya saki jiki. Ba ki ji an ce da wasa ake gaya wa wawa magana ba?"

"Shi ba wawa ba na. Wawa shika hitowa. Kuma kan hakanan nika son tambayar shi."

"Ki tambaye shi cikin raha!"

"Manaja, ka taɓa jin na ce ma wani shi ba ni tarihinai? Kansilan nan da nat tsare bara, da tarihi nas sa shi zuhwa? In na zauna ina cin kihi da mutum ina ɓaɓɓaka dariya, da wane baki za ni tambaye shi abin da bai so? Baki mai maiƙo bai tambaya."

"Wannan girman kai ne kawai."

"To ka aje wannan. Ka san sunan wa a garai."

Zayyanu ya sani sarai. Mahaifin Mashkura Malam Almustapha ne na Lahodu, yana nan da ransa, kuma duk ranar shirin yana zaune a zaurensa da rediyo a gaba, dattawan unguwa kewaye da shi. Tun da ta fara magana bakinta bai taɓa furta sunan ba. Ko a rediyo Mashkura Lahodu take kiran kanta, don kada ta cike sunanta da nasa. Duk wani Almustapha da ta haɗu da shi a duniya, yaro ko babba, mai sunan Baba ne a wurinta.

"Ai ba Almustapha na ce ki ce ba," in ji Zayyanu. "Musty."

"In ka yanke ma rago kai da wutsiya, ya koma akuya?"

Ya yi tsaki. Ya so ya tura wata, amma shirin Tabarmar Baƙo mutanen jarumin suka nema da sunansa. Ban da haka, Zayyanu ya yi imani duk wanda ya ga Musty Rabah ido da ido narkewa yake yi kamar man shanu a rana.

"Za ki je," ya ce. "Kuma za ki yi yadda na ce. In kika ba ni kunya a gaban mutumin nan, shirin ya bar hannunki. Na faɗa miki da hasken rana."

"Na ji," in ji Mashkura. Ba ta ce ta yarda ba, shi ma bai tsaya ya lura ba.

Ita ta so a yi hirar a Rabah, a ƙofar gidan mahaifinsa. Mutanensa suka aiko cewa hanya ba kyau, ga sha'anin tsaro, gara a bakin madatsar ruwa ta Goronyo, hoton ma zai fi fita. Mutumin da ya liƙa Rabah a bayan sunansa kamar lambar mota! Hanyar da yake tsoro ita tsofaffin mata ke bi duk ranar kasuwa a bayan akori-kura, a kan buhunan gero, suna salati in an faɗa rami.

Da hantsi suka kama hanyar Goronyo a motar tasha, ita da Manaja da Siddiƙu mai kyamara, wani magidanci da ba ya shiga abin da ba a sa shi ba. Gonakin albasa shar a gefen hanya. Zayyanu yana gaba yana ta koya mata yadda ake dariya irin ta masu hira a intanet, ana jefa kai baya. Ita kuwa tana kallon masu ban ruwa.

A bakin ruwan an jera kujerun roba biyu, manne da juna kamar na ango da amarya. A tsakani ga faranti cike da gasasshen kifi. Jama'a sun taru, masunta da 'yan kabu-kabu da masu tallar rake. Aka jira har rana ta take tsaka, kifi ya huce, ƙudaje suka fara nasu bikin. Sannan mota ta iso.

Turarensa ya riga shi fitowa. Mutum ne da ya ba hamsin baya, amma ya ƙi yarda. Ya rina gemu ya yi baƙi wuluk kamar gindin tukunya, sai dai a tushen gashin furfura na leƙowa tana gaida jama'a. Riga mai gajeren hannu ta ɗame masa tumbi. Ya ɗaga hannu biyu, aka ɗauki ihu, "Mode! Mode!" Siddiƙu ya riga ya kunna kyamara.

"Ke ce za ki yi min intabiyu?" ya ce da Mashkura da Kanancin da ya fi na Kanawa. "Ya kike, 'yar ƙanwata?"

Ta ɗan rusuna, kamar yadda za ta yi wa kowane sa'an mahaifinta.

"Sannunku da zuwa. Kun zo lahiya?"

Sai ya juya baya. Ya duba dama, ya duba hagu, ya leƙa ƙarƙashin kujera. Sannan ya zaro ido ya dafa ƙirji.

"Ni da wa?"

Wurin ya kece da dariya. Zayyanu har da dukan cinya. Mashkura ta tsaya tana kallonsa. A Rabah aka haife shi, inda yaro ba ya ce wa babba "kai". Da wannan "ku" ɗin ya gaida mahaifinsa kowace safiya har ya yi gemu na gaskiya. Yau ita ce yake nema a ƙarƙashin kujera.

Ta kama kujerarta ta ja ta baya har sai da inuwarsu ta rabu. Ta zauna, ta gyara mayafi, ta fuskanci kyamara.

"Masu saurare, assalamu alaikum. Baƙonmu na yau mai sunan Baba na, ɗan Rabah, wanda kunka sani da Mode maigadi."

"Mai sunan Baba!" Ya kama kai. "Haba, kin tsofar da ni a gaban 'yan mata. Musty kawai. Ce Musty."

"Ba ni iyawa, ranku shi daɗe."

"To ci kifi."

"Na ƙoshi."

A bayan kyamara Zayyanu yana ta yi mata alama, yana jan gefen bakinsa da yatsu don ta yi murmushi. Ta ɗauke kai.

Ta fara da sauƙi. Ta tambaye shi yadda ake shirya fim mai tsawo haka, wa ke rubutawa, ko ɗan wasa na da ta cewa a kan abin da aka ba shi. Ya amsa da kyau, don ya san aikinsa, wannan ba ta ƙwace masa ba. Har ya fara zama daidai a kujera, ya daina kallon jama'a bayan kowace jimla. Ta tambaye shi yaushe rabonsa da Rabah. Ya ce Rabah kullum tana cikin zuciyarsa. Ta ce madalla, ta bar maganar ta zauna ita kaɗai, kowa ya ga tsiraicinta. Sannan ta kawo wadda ta zo dominta.

"Shekarun ga da kunka yi kuna hitowa Mode, kun taɓa hitowa Basakkwace mai hankali? Likita, ko alƙali, ko manomin da yas san abin da shika yi? Ko ko duk mai magana irin tamu maigadi na, wanda bai gane komi?"

Ya dube ta. Ya dubi jama'a. Sai ya ɗauko makaminsa. Ya wangale baki, ya karkace wuya.

"Mi kac ce?"

Ya sulale daga kujerar roba ya zube ƙasa, ƙafafu sama. Ihun da aka yi sai da tsuntsayen bakin ruwa suka tashi. Masunta na riƙe ciki. Mutanen da ake kwaikwayon harshensu su suka fi kowa dariya, abin da ya fi ƙona mata rai ke nan. Ta zauna kamar an dasa ta. Ta jira ya tashi, ya kakkaɓe wando, ya koma kujera. Ta jira dariyar ta ragu, ta koma tari, ta mutu.

"Abin da nic ce," ta ce a hankali, "kun taɓa hitowa Basakkwace mai hankali?"

Ta maimaita tambayar duka, ba ta rage ko harafi ba. Wannan karon ba wanda ya yi dariya. Ba benci na biyu da zai faɗo daga kai. Gumi ya fara gangarowa ta cikin gemun, yana tafe da ɗan baƙi-baƙi.

"Ke ɗiyar ga!" Muryar ta sauya. "Mi kika nuhi da ni? Wa yat turo ki? Ke san wahalad da nish sha kahin in kai inda nike?"

Tsantsar harshen Rabah, ba na Mode ba, na Almustapha ɗan gidansu. Da ta yi shiru a nan, da wataƙila ya ci gaba, da wataƙila ya faɗi wahalar. Amma Mashkura ba a banza ake ce mata mai kaifin baki ba.

"Ashe harshen bai ɓace ba," ta ce. "Don dariya ɗai kunka aje shi."

Ya fizge makirfon da aka maƙala masa a riga, ya jefa shi cikin farantin kifi. Ya nufi mota. Zayyanu ya bi shi da gudu yana "Oga! Oga Musty!", matsattsen wandon na hana shi sauri.

A hanyar komawa Wurno Siddiƙu ya yi ta goge maiƙo daga makirfo da gefen rigarsa.

Hirar ba ta fita a rediyo ba. Abin da ya fita guntu ne da Zayyanu ya yanka da hannunsa ya sa a shafin tashar. Ga Mashkura ta rusuna tana "Sannunku da zuwa", ga Musty yana leƙen ƙarƙashin kujera, "Ni da wa?", ga fuskarta a murtuke, ga faɗuwar Mode. Tambayar kuwa an cire ta ƙaf, duka biyun. Kafin mako ya zagayo guntun ya shiga kowace waya daga Wurno har inda ba a san Wurno ba. Zayyanu ya samu kontent ɗinsa.

Ita kuma ta samu suna. Malama Ku. In ta tsaya a bakin titi, ɗan kabu-kabu zai taka burki ya leƙa bayanta. "Malama, ku nawa za a ɗauka?" Mai kayan miya zai ce, "Tattasan naku na ko na mutum guda?" Ta ci gaba da bin hanyar da ta saba, a lokacin da ta saba, kanta a miƙe. Wata maƙwabciyarsu ta ba ta shawarar ta riƙa sa niƙabi kafin abin ya lafa. Ta ce ba ta yi sata ba.

Kafin jarumin ya koma Kano, Zayyanu ya lallashe shi aka sake hirar. Wannan karon Sadiya aka tura, yarinyar da ke karanta gaishe-gaishe, mai dariya tun kafin a gama ba da labari. Aka sa hirar a lokacin Tabarmar Baƙo. Mashkura na zaune a ɗakin labarai ta saurara daga farko har ƙarshe, don ba ta cikin masu toshe kunne.

"Musty, ya kake?" in ji Sadiya, ana jin ƙarar faranti.

Suka yi ta shirme. Wace kalar mota ya fi so, wa ya fi iya girki a cikin 'yan fim. Can cikin raha, bakinsa cike da kifi, sai ya ce, "Kin san yadda na samu Mode? Ranar farko da na je gwaji a Kano, rol ɗin malamin makaranta na je nema. Ina buɗe baki duk ɗakin suka fashe da dariya, har mai kawo shayi. Darakta ya ce, 'Kai, ka samu aiki, kai ne maigadi.' Wallahi da na koma masauki sai da na yi kuka." Ya kece da dariya.

Mashkura ta miƙe zaune. Ga ta nan, amsar da ta je nema har Goronyo. Ta fito da kanta, a kan maiƙon kifi. Abin ya soke ta, don ta ga Zayyanu bai yi ƙarya duka ba: mutumin ya saki jiki, cikinsa ya buɗe. Ta matsa kusa da rediyon. Yanzu sai tambaya ta biyu. Da ka yi suna, ka samu ƙarfi, me ya hana ka ce a ba ka malamin? Kukan da ka yi, ka san yaran garinku nawa ke yin irinsa in sun je makaranta a wani gari an ce musu Mode?

"Kai, Musty, ba ka da dama!" in ji Sadiya tana haki don dariya. "To tsakanin shinkafa da taliya wacce ka fi so?"

Ya ce taliya.

Mashkura ta kashe rediyon. Ƙofa ta buɗe, aka tsaya a bakinta ana tafi, har ta rufe. Wannan shi ne sabon salon da aka je Abuja aka ɗauko.

Ranar Juma'a ta tafi Lahodu. Ta zaci a can aƙalla za ta samu wanda zai ce ta yi daidai. Ta iske mahaifinta a zaure yana gyaran igiyar guga. Ta durƙusa ta gaishe shi. An riga an nuna masa guntun a waya, Siddiƙu kuma ya ba wani ɗan'uwanta labarin sauran.

"Kin kyauta da ba ki kama sunan ba," ya ce, bai ɗago ba. "Amma maganar ƙarshen ga da kinka yi mai, ba ta yi ba. Baƙo na, ɗiyata. Ya kuma girme ki. Tambaya daban, gori daban."

Da wani ne ya faɗa, da ta ba shi amsa uku kafin ya rufe baki. Ta juya maganar a ranta a hanyar dawowa, ta ga inda take da gaskiya. Game da tambayar, tana nan a kan bakanta, gobe ma za ta sake yin ta. Gorin ne ya yi yawa.

Don haka da Zayyanu ya kira ta ofis ranar Litinin, ta shiga da shirinta. Ya yi fara'a, har ya nuna mata kujera.

"Na yi miki ƙoƙari," ya ce. "Oga Musty ya ce ya yafe, in za ki ba shi haƙuri a kyamara. Sai ku riƙa gabatar da shirin tare da Sadiya. Ke ki kawo ilimi, ita ta kawo armashi."

"Ina ba shi hanƙuri," in ji Mashkura. "Maganar ƙarshe da niy yi mai ba ta dace ba. Kunna kyamara yanzu in ce, 'Mai sunan Baba, ku yi hanƙuri.'"

Fara'ar ta ragu.

"A'a. Ba haka suke so ba. 'Musty, ka yi haƙuri.' Sannan ki yi murmushi. Shi kuma zai yi nasa bidiyon daga Kano ya ce, 'Yauwa, yanzu na gane da ni kike!' Kin ga an haɗa biyun, abin zai tashi sosai."

"Wato ba hanƙurin suka so ba."

"Haƙuri ne mana."

"Hanƙuri da girmamawa sun ƙi, sai wanda babu ta. Manaja, wanga wane irin mutum na, da za a ce mai 'ku' shi ji an zage shi?"

"Kalma ɗaya ce fa, Mashkura! Ka, ku. Harafi ɗaya ma! A kan harafi ɗaya za ki zubar da shirin da kika sha wahala a kansa?"

"In harahi guda na, kai mi ya hana ka bar mani shi?"

Sai ya koma manaja. Ya ce daga yau Tabarmar Baƙo ta Sadiya ce. Ya ce tunda Mashkura na son tsohon yayi, ga sanarwa nan ta riƙa karantawa.

Ta karanta. Ɗaurin aure a Taloka, rasuwa a Wurno, jar akuya mai farin goshi da ta ɓace ranar kasuwa. Ta karanta su da murya ɗaya da wadda ta tsare kansila da ita, ba ta taɓa makara ba, ba ta taɓa tuntuɓe a sunan mamaci ba. Ta bangon situdiyo tana jin Sadiya da baƙinta suna shewa, an kawo mawaƙi, an kawo mai gyaran gashi, ana tambayarsu shinkafa ko taliya. Abokan aikin da a da suke kawo mata rubutunsu ta duba, yanzu in ta shigo sai kowa ya tuna yana da abin yi a waya. Zayyanu ya zaci kunya za ta kore ta, ya huta da sallama. Da damina ta wuce ya ga tana nan daram, sai ya kira ta ya ce tasha na rage ma'aikata, ta je gida ta huta, za a neme ta.

Ta shiga mota ta tafi Sakkwato, wata babbar tasha da ta ji ana neman mai gabatar da shiri. Ta sa mayafinta mafi kyau, ta riƙe takardar shaidar karatunta na aikin jarida. Mutumin da ke ɗaukar ma'aikata ya ɗago kai, ya ƙura mata ido, fuskarsa ta washe.

"A'a! Malama Ku! Ke da wa kuka zo?"

Ya kira abokan aikinsa su zo su gani. Aka yi mata kirki, aka kawo mata ruwan sanyi, wani ya nemi su ɗauki hoto. Ba wanda ya buɗe takardar. A bakin ƙofa mutumin ya rage murya ya ce gaskiya an ce tana da wuyar sha'ani, baƙi na gudun irinta, amma za su kira. Ba su kira ba.

Yanzu tana koyarwa a wata makarantar kuɗi a Wurno, aji mai rufin kwano da ke zafi kamar tanda, tana koya wa yara rubutun wasiƙa. Ba ta ba da haƙurin da aka nema ba, ba za ta kuma bayar ba. Ba wanda ya zo daga baya ya ce ashe ita ke da gaskiya. Musty Rabah na nan yana faɗowa daga benci duk mako, ana biyansa. Ita kuwa ta rasa shirin da ta gina, ta rasa aikin da ta karanta, kuma a duk faɗin gabashin Sakkwato babu makirfo ɗaya da za a miƙa mata. Ta san haka tun ranar da ta ja kujerarta baya a bakin ruwan Goronyo, ta kuma ja ta.